Tumbin Direba

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na cika wauta, ku gyara zama, yau da hannuna zan miƙa muku hujja. Wata ma ta rubuto wai da ita ce ni da tuni ta faɗa wa uwarta gaskiya. 'Yar uwa, ba ki san Ama ba ne. Ama ce macen da in ta kalli saniyarmu sai saniyar ta daina tuƙa ta jira umarni.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Lhaki, kuma ni kaɗai ce 'ya mace a gidanmu na Paro. Gidan nan mai hawa uku, da gonar shinkafa, da itatuwan tuffa goma sha tara, duk na kakata Angay ne, daga ita sai Ama, daga Ama sai ni. A wajenmu namiji ke naɗe kayansa ya tare a gidan mace. Babana, Apa, da jaka ɗaya ya shigo shekara ashirin da biyar da suka wuce, kuma har yau in zai matsar da kujera sai ya waiwaya. Don haka duk wanda na kawo, cikin gidansu na kawo shi, daga tukunyarsu zai ci, kuma ba su ɗauki abin da wasa ba.

Shekara biyu ke nan ina son Nidup. Direba ne, baƙi yake kai wa yawon buɗe ido a farar motarsa mai kujera takwas. Ba shi da gona, ba shi da surutu, dariyarsa ma a kafaɗa take. Duk wannan da sauƙi. Matsalar ita ce ranar da aka haife ni, tsohon mai lissafin taurari na ƙauyenmu ya gaya wa Ama cewa yarinyar nan 'yar shekarar biri ce, ta auri kowa ban da ɗan shekarar damisa, in ba haka ba gida zai rabu biyu. Ama ta rubuta a takarda ta ajiye a ɗakin ibada, bayan fitilun man shanu. Nidup kuwa damisa ne cikakke. Sai da muka yi wata shida na sani, lokacin zuciya ta riga ta yi nisa.

Ita kuma Ama ta samo min Jamtsho, ɗan ƙawarta, ma'aikacin ofis a Thimphu babban birninmu, ɗan shekarar ɓera. Wai ɓera da biri ba a taɓa jin kansu.

To ana cikin haka Angay ta ce kafin gwiwoyinta su ƙi ta gaba ɗaya sai an kai ta ziyarar wuraren ibada na Bumthang. Ama ta ce ai shi ke nan, Jamtsho ya raka mu, a ga juna a hanya. Ni kuma bakina ya riga kaina.

"Na san wani direba mai hankali," na ce.

"A ina kika san shi?"

"Wata ƙawata ce ta ba ni lambarsa."

Dabarata ke nan, kuma a lokacin gani nake babu mai wayona a duk kwarin Paro. Kwana biyar Nidup yana gaban Angay, ta ga halinsa, ta so shi, sannan in faɗa. Ama tana iya musu da kowa har da lama, malamin addininmu, amma ba ta tsallake maganar Angay. Maganar damisa kuwa na ce a bar ta sai an haye wancan tudun.

Ana gobe tafiya na tura masa saƙo.

"Duk abin da Angay ta ce ka yi, ka yi. Ko da cewa ta yi ka goya ta."

"To."

"Kada ka kalle ni a madubi."

"To."

"Ka sa sabuwar rigarka, ghon nan mai ruwan toka."

"Da ɗamarar da kika saƙa min?"

Na tura masa zuciya uku na ce e. Ku riƙe wannan, nan ne na fara haƙa wa kaina rami.

Da safe na fito cikin kira, doguwar suturarmu ta mata, mai ratsin kore da ja, da 'yar riga ruwan ƙwai a sama, na naɗe hannun ta ciki sau biyu yadda nake so. Ama ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce kwalliyar ta yi, Jamtsho zai ji daɗi. Shi kuwa ya iso cikin gho mai sheƙi, fararen hannayen rigar nan an naɗe su har kusan gwiwar hannu, safa baƙa wuluk, takalmi kana ganin fuskarka a ciki. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi. Yana riƙe da waya a kan sanda.

"Lhaki, yi murmushi, na buɗe mana zauren iyali a waya. Na sa Apa ma a ciki don ya riƙa ganinmu."

Apa shi aka bari da shanu.

Kafin mu shiga mota Ama ta karanto dokokinta. Ziyara za mu, don haka ba nama, ba doma, wato irin goronmu da ake taunawa. Likita kuma ya hana Angay gishiri saboda hawan jini, wato ba shayin man shanu. Angay da ta shekara sittin tana tauna doma, har haƙoranta sun koma launin jan bulo, ta tsaya kamar mutuniyar kirki. Ama ta sa hannu a gaban kirarta, inda tsofaffi ke cusa komai, ta zaro ƙulli uku na ƙwallon da ganyensa da ɗan gwangwanin farar ƙasa.

"Haihuwarki na yi ko ɗan sanda na haifa?" in ji Angay.

"Kullum da safe zan duba," in ji Ama.

Nidup ya sunkuya ya ɗauki jakar Angay. Na ga tsohuwar ta bi shi da kallo, ta daɗe tana kallon ƙugunsa, sannan ta ce ita a gaba za ta zauna, baya na sa ta amai. Na ji daɗi har cikin raina, na ce dabara ta fara ci.

A tsaunin Dochula hazo ya rufe duwatsu, ko hancin mota ba a gani sosai. Jamtsho bai damu ba. Ya jera mu gaban hasumiyoyin nan ɗari da takwas yana ba mu tarihinsu, mu da muka wuce ta nan ya fi sau talatin. Na hango Angay ta ja shi gefe ta yi masa raɗa, shi kuma ya yi dariya yana girgiza kai yana nuna Ama. Angay ta sake shi. Jim kaɗan ta ce direba ya raka ta bayan gida, matakalar da santsi. Sun fi minti ashirin. Da suka dawo tana ta goge baki da gefen mayafi, fuskarta fes.

"Yaron nan yana da ladabi," ta ce.

Na kusa tashi sama. Ina zama a mota na rubuta masa: "Ka ji? Ka ji abin da ta ce?"

Sai a Punakha ya amsa, muna tsakiyar gadar nan mai lilo, Ama ta damƙe hannuna kamar za ta karya. Wayar ta yi ƙara a ɗaya hannun, ta leƙo.

"Wane ne Likitan Shanu?"

Sunan da na ajiye shi da shi ke nan.

"Likitan shanu ne, Ama."

"Me ya sami shanun?"

"Ba komai. Yana tambayar lafiyarsu ne."

"Shi ne zai sa miki hoton fure?"

"Haka yake yi wa kowa."

Iska ta kaɗa gadar, Ama ta rufe ido ta shiga addu'a, na tsira. Saƙon kuwa ba wani abu ba ne, cewa ya yi: "Na ji. Kakarki ba sauƙi."

A rana ta biyu ne na lura da cikinsa. Kun san gho, in namiji ya ja rigar sama ya ɗaure ɗamara, gaban nan sai ya zama aljihun da zai ɗauke jariri da kayan wankansa. Nidup ba ya sa komai ciki sai waya da jakar katunansa, shi ya sa kullum yake shafal. Amma da muka tsaya a Trongsa sai na ga gaban ya ɗan tasa. Rana ta uku a Bumthang ya zama tumbi sosai, sitiyari na gogarsa.

Ama ma ta gani. "Direban nan naki, ci gare shi," ta ce min, ba ta ko rage murya ba. "Kwana uku ya yi teɓa. Matar da ta kwashi wannan ta shiga uku, rumbu zai cinye."

Jamtsho ya yi dariya ya shafa nasa cikin da babu.

Na rubuta: "Me ke cikin rigarka?"

"Kada ki tambaya."

"Ina tambaya."

"Amana ce."

Amanar wa? Ku mata kun san inda hankalina ya tafi. A masaukinmu akwai wata mai kawo abinci, doguwa, mai yawan cewa a ƙara masa barkono. Na yini ina harararta, yarinyar nan ba ta san laifinta ba. Na daina amsa saƙonsa, na koma yi wa Jamtsho dariya da ƙarfi ko abin da ya faɗa bai kai ba. Ama ta yi ta washe baki. Nidup ya kalle ni a madubi sau ɗaya, duk da na hana, na kau da kai.

A Tamshing akwai rigar ƙarfen nan mai nauyi da ake saɓawa a zagaya ɗakin ibada sau uku don zunubi ya zube. Jamtsho ya miƙa min waya ya ce in ɗauka tun daga farko. Ya yi zagaye uku yana nishi, ƙafafunsa na rawa, amma ya kai. Gaskiya ya burge, ban hana shi ba. Da aka ce direba ya gwada sai ya ce bayansa na ciwo.

"Ga ci ga ragwanci," in ji Ama.

Na dubi Angay ko za ta kare shi. Ta ɗaga kai tana kallon zanen bango.

Saura kwana biyu mu koma gida, Ama ta riga ta fara maganar wace rana ce mai kyau ta biki a kalanda, ni kuma wanda na kawo a gani an gan shi a matsayin acici mai ciwon baya. Na ji tsoro sosai. Ina son mutumin nan. Ban taɓa hango kaina ina tsufa a gidan can da wani ba shi ba.

Rana ta huɗu da hantsi muka hau wani ƙaramin wurin ibada can saman kwari, inda mota ba ta kaiwa sai an taka. A bayansa akwai wani ƙaton dutse mai rami a ƙasa, ana shiga ta nan da rarrafe a fita ta can. Kowa ya san ƙa'idar: mai tsabtar zuciya zai wuce ko ƙato ne, mai ɓoye zunubi kuwa dutsen zai riƙe shi ko sillen kara ne. Wani tsohon lama mai fara'a yana zaune a bakin mafita yana shan rana. Aka shimfiɗa wa Angay mayafi kusa da shi, don ita ta ce ta wuce ramin nan tun Ama ba ta zo duniya ba, ba ta sake wani sabon zunubi ba tun lokacin.

Ama ta fara shiga, ta fito ta can tana kaɗe gwiwa. Jamtsho ya cire agogo, ya sulale kamar zare a allura, ya kafa sandar wayarsa a bakin mafita don a ɗauki fitowata. Saura ni da Nidup a wannan gefen.

"Direba ma ya shiga," muka ji muryar Angay daga can.

"Angay, bayana…"

"Ramin na maganin baya. Shiga."

Ya dube ni, na dube shi. Ni na ce masa duk abin da ta ce ya yi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya shiga. Kai ya shige, kafaɗa ta shige, sai na ga ƙafafunsa sun tsaya. Safarsa ta dama da ɗan huji a diddige. Ƙafafun suka yi ta shure-shure, sannan suka yi shiru.

"Ya maƙale," in ji Jamtsho daga can, da murya irin ta mai karanta labarai.

"Na faɗa," in ji Ama. "Tun ranar farko idonsa bai kwanta min ba."

Lama ya yi gyaran murya ya ce ba abin tashin hankali ba ne, dutsen ba ya riƙe mutum har abada. Ɗan nan ya faɗi abin da yake ɓoyewa kawai, zai ji an sake shi.

"Ba na ɓoye komai," muryar Nidup ta fito a shaƙe.

"To zauna nan," in ji Ama.

Ku fahimce ni. Ni na yi makaranta, na san dutse dutse ne. Amma a gidan da aka rene ni, in ka ga mutumin da kuka shekara biyu kuna ƙarya tare ya maƙale a ramin zunubi, ba lissafin faɗi da tsawo ke zuwa maka ba. Na ce shi ke nan, dutsen ya san mu. Na tattare kirata na rarrafa na bi bayansa, har kaina ya taɓa tafin ƙafarsa. Ciki duhu, sanyi, ga warin turaren wuta da na safa.

"Nidup," na ce, a ganina raɗa nake. "Saboda mu ne."

"Lhaki, koma."

"Ba zan koma ba. Ni na sa ka ƙarya. Ka faɗa kawai."

"Yi shiru, don girman…"

"In ba za ka faɗa ba ni zan faɗa wa dutsen. Dutse, ka ji, shekara biyu muna tare. Ni na ce a ɗauko shi, babu wata ƙawa. Shi ne Likitan Shanu. Ranar da na ce na je Thimphu gyaran haƙori, tare muka je cin momo. Sau huɗu na gyara haƙorin nan. Ina son sa, ba na son kowa sai shi, kuma ko za a…"

"Lhaki, ramin nan kamar lasifika yake."

Sai a lokacin na lura duk surutun waje ya ɗauke. Ko tsuntsu babu. Amma na riga na ɗauko gangara, kuma dutsen bai sake shi ba, don haka na ce saura babban. Na buɗe baki zan faɗi shekarar haihuwarsa. Ya sa diddige ya dungure min goshi.

A daidai nan wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinsa, sai na ji ruwa mai ɗumi yana bin tafin hannuna. Na kai hanci. Shayin man shanu ne, har da gishirinsa.

"Me ke cikin rigarka?"

"Kada ki taɓa ɗamarar."

Na lallaba hannu ta gefen ƙugunsa. Ni na saƙa ɗamarar nan, na san inda bakinta yake. Na zaro, na warware, na ja. Aljihun ya zube gaba ɗaya. Na ji abubuwa suna gangarowa, shi kuma ya yi gaba sumul kamar an shafa masa mai, wanda kuwa an shafa.

Haka muka fito. Shi a gaba, gho ya sauka har ƙasa yana ja kamar rigar barci, gaba duk shayi. Ni a baya da rarrafe, ɗamarar namiji a hannuna, ina turo kaya da gwiwa: filas ɗin shayi da murfinsa ya ɓalle, ledar doma guda shida, gwangwanin farar ƙasa, busasshen naman sa ƙulli biyu manya, kwanon katako, igiyar busasshen cuku, wayarsa da jakar katunansa. Wayar Jamtsho na kan sanda tana kallonmu.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ramin ya riƙe ni ni ma.

Ama ta dube ni, ta dubi ɗamarar, ta dubi kayan. Na ga tana rasa ta inda za ta fara. Ta zaɓi nama.

"Nama. A wurin ibada. Na wane ne?"

Nidup ya tattare rigarsa da hannu biyu ya sunkuyar da kai. "Nawa ne."

"Da doma?"

"Nawa ne."

"Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Haƙora farare tas, ko ɗigon ja babu.

"Yau na fara," ya ce.

Lama ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa sai yanzu na gane kwanon katakon. Shekara ashirin ina wanke shi. Na dubi Angay, tana zaune tana kallon gajimare, kamar an ce mata za a yi ruwa. Nidup bai ko kalli inda take ba. Yana tsaye, an kira shi acici, an kira shi rago, yanzu ga shi mai shigo da nama wurin ibada a gaban matar da yake so ta zama surukarsa, kuma kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ƙi faɗa.

"Ka kai mu gida," in ji Ama, muryarta ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihu muni. "Daga nan kada in sake ganin motarka a hanyarmu. Ke kuma…"

"Miƙo min ɗamarar nan," in ji Angay.

Na miƙa mata. Ta shimfiɗa a cinya, ta bi zanen da yatsa tana ƙirgawa.

"Ɗaya, biyu, uku… bakwai. Zo ki gani," ta ce wa Ama. "A gida na bakwai ta tsallake zare. Tun tana shekara goma sha biyu take wannan kuskuren, na buge hannun har na gaji. Duk Paro babu mai saƙa da wannan gurguwar sai 'yarki. Tun da ya sunkuya ɗaukar jakata a ƙofar gida na gani. Ke da kike laluben ƙirjina kullum da safe, ba ki ga abin da ke ɗaure a ƙugun mutum kwana huɗu ba."

Angay ta nuna kayan da ke ƙasa.

"Kayan nawa ne. Shi na aika ya sayo, shi na ba ajiya. A Dochula wancan na fara ba ƙulli ɗaya tak ya riƙe min," ta nuna Jamtsho da haɓa, "ya ce sai ya tambayi Ama. Yaron kirki ne, ba shi da laifi. Amma ni na kusa kwanciya, kuma ba na son ranar da na nemi shayi mai gishiri a ce sai an tambayi Ama. Wannan kuwa kullum ƙara masa nake ina jira ya ce ya gaji. Na tura shi rami ina sane, na ce in dutse ya danne shi zai tona. Kin ji ya tona?"

"Likita ya ce…"

"Likita ya zo ya zauna da ke shekara hamsin, sannan ya yi min maganar hawan jini."

Ta jawo kayan gabanta ɗaya bayan ɗaya tana cusawa a gaban kirarta, nama, doma, kwano, komai da ke ƙasa, tana kallon Ama ido cikin ido. Sannan ta miƙa wa Nidup ɗamararsa.

"Ɗaura, ɗana. A gidana ba a yawo haka."

A gidana. Na ji kalmar har tafin ƙafa. Hawaye suka zubo min, ga hannu duk man shanu, na goge na ƙara ɓata fuskar.

Jamtsho ya matso yana sosa ƙeya. Ya ce mu yi haƙuri, shi fa kai tsaye yake turawa zauren iyali, bai san abin zai zama haka ba. Ya ce zai goge. Sai wayoyinmu suka yi ƙara tare. Apa ne, da saƙon murya, karo na farko tun da aka buɗe zauren. Jamtsho ya danna kafin a hana shi.

"Ku tambaye shi ko ya iya tuƙa motar huɗa," in ji Apa. Ana jin saniya a bayansa. "In ya iya, akwai wuri a ɗakin ƙasa."

Jamtsho ya yi dariya, dariyar gaske wannan karon. Ya ce da ma shi Thimphu ta fi masa, shinkafa a faranti ya san ta. Daga baya, da muka isa mota, ya koma kujerar can baya ya sa abin jin kiɗa a kunne.

Muka sauko dutse, muka kwana, muka kama hanya da sassafe, muka wuce Trongsa, Ama ba ta yi magana ba. Ba ta laluba Angay ba da safen nan, kuma Angay na gaba tana tauna domarta a fili, tana buɗe gilashi lokaci-lokaci. Sai da muka hau tsaunin Pelela, inda tutocin addu'a suka yi yawa, Ama ta gyara zama ta kalli madubi.

"Direba."

"Na'am."

"Sunanka Nidup ko?"

"E."

"Wace shekara aka haife ka?"

Ku da kuka san mu kun san ba a yi wa direba wannan tambayar. Wanda za a kai sunansa gaban mai lissafi ake yi wa. Na ga hannun Nidup ya ƙanƙame sitiyari. Na san shi, mutumin da ya iya rufe sirrin wani bai iya ƙarya a kan kansa ba. Ya ja numfashi.

"Ɓera ne," in ji Angay, ba ta ko juyo ba.

"Ke ina kika sani?"

"Na san uwarsa."

"Kwana biyar da suka wuce ba ki san shi ba."

"Na tuna daga baya."

Jiya-jiya aka fito daga ramin zunubi, ga tsohuwa ta buɗe sabon shafi. Ama ta miƙa hannu ta tsakanin kujeru.

"Ba ni lasisin tuƙinka. Akwai ranar haihuwa a jiki."

Nidup ya sa hannu a gaban rigarsa. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Waya ce kawai, wadda Angay ta mayar masa tun jiya. Ya juya a hankali ya dubi kujerar kusa da shi.

Angay ta tofar da jan yawu ta taga, ta ɗora hannu ɗaya a kan ƙirjinta inda kaya suka yi tudu, ta zaro carbi da ɗayan. Ta ce ta yi alkawarin ƙafa dubu kafin mu isa Paro, kuma duk wanda ya katse ta, alhakin a wuyansa. Ta rufe ido ta fara ja.

Hannun Ama na nan a miƙe har muka gama gangaren.